Na ɗaye gurbin hannun Baba a ƙofar motarsa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, don a unguwarmu ko tari ka yi sai an gane ɗan gidan wane ne. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan abin nan yana cina na rasa inda zan sa kaina. Zagi kam na riga na zagi kaina iya zagi, wanda zai ƙara ya ƙara, amma ya haɗa min da mafita.

Ni haifaffen Agege ne, mahaifina ma a nan aka haife shi, kakanmu ne ya zo daga arewa. Ina da mata da yara biyu, sana'ata sayar da kayan waya a kasuwar waya ta Ikeja, caja da rigar waya da manna sikirin gad. Ku riƙe wannan na ƙarshen, don shi ne ya kai ni ya baro. Shekara goma sha ɗaya ina manna gilashi da leda a fuskar waya, kuma ba yabon kai ba, in na manna maka ko ƙwayar iska ɗaya ba za ka gani ba, har daga wasu layukan ake turo min masu manyan wayoyi. Abin da ya kumbura min kai ke nan, na ɗauka duk wani abu da ake mannawa a duniya na gama da shi.

Babanmu ya rasu bara da damina, Allah ya jiƙansa. Direba ne duk tsawon rayuwarsa, ya yi wa wani kamfani tuƙi a Apapa, da ogansa zai bar ƙasar sai ya bar masa motar da yake tuƙa shi a ciki, tsohuwar motar Jamus, koriya mai duhu. Tun ban shiga firamare ba motar nan take gidanmu. A layinmu kuma tana da aiki guda da kowa ya san ta da shi, ita ce motar kai amarya. Yayyena mata uku ita ta kai su ɗakin mazajensu, 'ya'yan maƙwabta kuwa ban san adadinsu ba, Hausawa da Yarbawa. Ko ango ya jero jif-jif a ƙofar gida sai tsofaffin mata su ce a'a, amarya dai motar Baba Direba za ta shiga, wai tana da goshi. Shi kuma ko kuɗin mai ba ya karɓa.

Baba yana da wata ɗabi'a, ba ya kunna esi ko da lafiyarsa ƙalau, wai sanyin ƙarya ne. Kullum gilashi a sauke, hannunsa na hagu a ɗore a kan ƙofa. Shekara kusan talatin na gumi da gugar hannun riga, sai wurin ya koɗe, fentin ya yi haske ya yi sumul, tun daga inda gwiwar hannunsa take zama har zuwa tsintsiyar hannu. Duk wanda ya san shi in ya kalli ƙofar nan sai ya ga kamar yanzu ya ɗauke hannunsa. Yana da rai mun sha ce masa a fesa wa wurin fenti, sai ya ce a bar masa kayansa, in an sace motar da shi zai gane ta.

Mahaifiyata, Iya muke ce mata, tana fama da yanar ido, yanzu dishi-dishi take gani, mutum ma da murya take gane shi. Tun da ta fita takaba ta ɗauki wata al'ada, kullum da safe in gari ya waye sai ta bi bango ta je inda motar take a tsakar gida, ta ɗaga tamfol, ta lalubo wurin nan ta ɗora tafin hannunta, ta yi masa addu'a, sannan ta dawo ta karya kumallo. Ba ta taɓa yi wa kowa bayani ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba. Na san a cikinku akwai masu cewa ai ƙarfe ne, me zai yi wa mamaci. Na sani. Iya ma ta sani, ba motar take roƙo ba, Allah take roƙa wa mijinta, wurin ne kawai ya rage mata da za ta taɓa ta ce nan ya taɓa.

To auren autarmu Asabar ɗin nan mai zuwa ne. Baba ya sha faɗa cewa ko ya tsufa ya rankwafa shi zai tuƙa ta da kansa, Allah bai nufa ba. Sai aka tsayar a gida cewa babban yayanmu, wanda yake zaune a Isolo, shi zai tuƙa ta a motar. Sati biyu da suka wuce Iya da auta suka tafi Zariya wurin ƙanwar Iya, gayyatar dangi da haɗo sauran kayan ɗaki. Da Iya za ta tafi ta danƙa min makullin motar ta ce in riƙa tayar da ita tana ɗumama kada batir ya mutu. Yaya kuma ya ce in wanke ta in kai a yi mata juyen baƙin mai, shi ke nan, har sau biyu ya maimaita min shi ke nan ɗin, don ya san halina.

Ina wanke ta ne na lura da wasu ɗigo-ɗigon tsatsa sun fara fitowa a gefen wurin hannun Baba, kun dai san ruwan Legas da iskarta ba sa barin ƙarfe. Na ce in aka bar wannan nan da shekara biyu wurin zai cinye. A satin ne kuma wani kwastomana ya zo da jif tana wani irin ƙyalli, ana yayyafi amma ruwan gangarewa kawai yake ba ya zama. Na tambaye shi ya ce siramik aka shafa mata, wani ruwa ne da in ya bushe yake zama kamar gilashi a kan fenti, gaban motar kuma an manna mata wata leda mai kauri garai-garai ta kare fenti, wadda suke ce wa PPF. Ina jin leda na ce to an zo gidana. Na kwana biyu ina kallon bidiyo a waya, na ga ana fesa ruwan sabulu, a shimfiɗa ledar, a bi da kati a matse ruwa da iska. Na ce wannan ai babban sikirin gad ne kawai. Nan take na ƙulla a raina, zan sa motar Baba ta yi ƙyallin da ba ta taɓa yi ba ranar auren auta, wurin hannunsa kuma in rufe shi da leda ya dawwama, ko jikoki su zo su gani. Wallahi niyyata ke nan, Allah shi ne shaida.

Na je kasuwar kayan mota na sayo kayan. Mai shagon har ya tambaye ni wa zai sa min, na ce ni. Ya kalle ni ya ce oga wannan aikin ba a waje ake yi ba, in kai wa masu rufaffen gareji. Na yi dariya na ce masa ya tambayi Ikeja waye ni. Wanda bai ji bari ba dai.

Ranar Asabar ta wancan satin na aro injin folish na goge jikinta duka, ban da ƙofar direba, ita ko kusa ban kai injin ba. Jama'a motar nan ta fito, har fuskata nake gani a bonet, maƙwabta suna leƙowa suna sa min albarka, ni kuwa sai ƙara fankama nake. Daga nan na ɗauko siramik, 'yar kwalba ce kamar ta turare. A bidiyon ɗan wuri kaɗan suke shafawa su jira kaɗan su goge, kuma a ɗaki mai sanyi suke. Ni a tsakar gida nake, rana ta take, ƙarfen ya ɗau zafi. Kuma na ga wannan ɗan-kaɗan-ɗan-kaɗan ɗin ɓata lokaci ne, na shafe bonet gaba ɗaya da saman mota. Ina gamawa aka kira azahar, na ce bari in yi salla in dawo in goge. Ko da na dawo abu ya riga ya ƙame. Na goga da tawul, na goga, ko gezau. Bonet ɗin ya yi jirwaye kala-kala kamar man inji a kan ruwan kwata, ga gidan burodin da ke bayan gidanmu sun hura wuta, tokar ta sauko ta manne a ciki tsaf.

Mai hankali a nan zai tsaya. Matata ta ce in tsaya, ta ce in kira Yaya tun abin bai yi nisa ba. Na ce mata siramik ba fannina ba ne shi ya sa, amma leda ai gonata ce, ta zuba ido kawai. Ranar Lahadi da safe na yanki ledar daidai ƙofar direba, na sa ta riƙe min gefe ɗaya tana ta mita, na fesa ruwan sabulu na shimfiɗa. Nan na gane waya shimfiɗaɗɗiya ce, ƙofar mota kuwa lanƙwasa gare ta. In na matse nan sai can ya tashi, in na ja can sai nan ya tattare, kuma daidai wurin hannun Baba ne ƙofar ta fi lanƙwasa. Na fi awa biyu ina fama, a ƙarshe ta zauna amma da ƙurajen iska birjik. Na tuna an ce rana tana ɓatar da su, na bar ta. Litinin, Talata, Laraba, kullum na dawo daga kasuwa sai na je na duba, ba abin da ya ɓace, sai ma fari da suka ƙara yi, ga baƙin toka a ƙarƙashin ledar, wurin ya zama kamar fuskar mai ƙyanda.

Ranar Alhamis da sassafe, an kwana ana ruwa gari ya yi sanyi, na ce bari in cire in sake sabuwa kafin in fita. A waya in aiki ya ɓaci farce kake sawa ka ɗaga gefe ka fizge lokaci guda, hannuna ya saba da haka, ko tunani ban yi ba. Daga baya na koma bidiyon na ga sun ce sai an ɗumama ta an ja a hankali, ni wannan wurin ban kalla ba, don ban taɓa kawo wa raina zan cire ba. Na fizga. Na ji ƙara kamar an yage sabon yadi. Ledar ta taho, fentin ya biyo ta, tun daga wajen madubi har kusa da mariƙin ƙofa. Inda hannun Baba yake babu komai sai toka-tokan bodi fila, cikon nan da masu gyaran jikin mota ke yi, da ƙarfe tsirara.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa cikin ruwan nan ba. Matata ta fito ta gani ta ɗora hannu a ka tana salati. Ni kuka ma ya ƙi zuwa, ledar kawai na riƙe ina kallo. Ranar da aka binne Baba na daure ban yi hawaye a gaban mutane ba, amma ranar Alhamis ɗin nan ji na yi kamar yau ya rasu, kuma da hannuna.

Na je na ɗauko wani tsohon mai fenti Bayarabe, abokin Baba ne tun suna samari, garejinsa yana bakin layin dogo. Da ya ɗaga tamfol sai ya cire hularsa. Sannan ya gaya min abin da ban sani ba, ashe ina ƙarami wani danfo, motar hayar nan ta Legas, ya taɓa bugun ƙofar nan, shi mai fentin ne ya cike ta ya fesa mata fenti, kuma fentin da aka sake ba ya kama ƙarfe kamar na kamfani, ba a manna masa irin ledar nan sai an gwada. Ya ce da na tako na tambaye shi da magana ɗaya ta wadatar. Bonet da sama ya ce ba komai ba ne, inji zai cire. Ƙofar ce magana. Ya ce zai iya haɗa kalar ya fesa, kuma in muna so zai iya ƙirƙiro koɗewar, ya bi wurin da samfefa mai laushi har ya yi haske ya yi sumul kamar da, don ya san yadda abokinsa yake ɗora hannu. Amma ya ce min da Hausarsa ta Agege, "Ɗan Direba, ido zan iya ba ka tabbaci. Hannun Alhaja ban sani ba."

Dole na kira Yaya. Ya baro Isolo ya zo, abin da ya faru ba daɗin faɗa. Ya ce tun ina yaro iyayi ne ke kashe ni, rediyon Baba ma ni na kwance na kasa mayarwa, ya ce an ce min wanki da juye na je na yi wa uba fiɗa. Ni ma zuciya ta ɗebe ni na ce shi da ba ya leƙo gidan sai Juma'a-Juma'a ina ya ga tsatsar da zai yi magana, har sai da maƙwabta suka shiga tsakani. Na ba shi haƙuri daga baya, don ya fi ni gaskiya. Da ya huce sai ya yanke cewa a ba mai fenti ya yi na ƙirƙirar, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru har abada. Hujjarsa Iya tana da hawan jini, ga hidimar biki, ga gajiyar hanya, in aka tare ta da wannan labari ta yanke jiki ta faɗi to a wuyana. Ya ce ƙaryar da za ta bar tsohuwa da kwanciyar hankali ta fi gaskiyar da za ta kwantar da ita asibiti, kuma auta ba ta yi laifin komai ba da za a ɓata mata sati.

Matata kuma ta ce sam. Ta ce matar da ke gane ɗankwalinta a cikin goma da taɓawa kawai, ita za a yi wa wayo da samfefa? Ta ce in Iya ta gane da kanta ciwon biyu ne, an ɓata mata abu kuma 'ya'yanta sun haɗa baki sun mayar da ita makauniyar da ake yi wa wasa. In kuma ba ta gane ba, to ni ne zan riƙa tsayawa a taga kullum da safe ina kallon uwata tana shafa aikin mai fenti tana hawaye, ta tambaye ni ko zan iya. Sannan ta ƙara da wata magana da ta fi zagin Yaya yi min ciwo, ta ce ko da ledar ta zauna lafiya lau, ai leda Iya za ta riƙa taɓawa, tun ranar da na sayo kayan na raba ta da wurin. Wallahi ban taɓa tunanin haka ba sai da ta faɗa.

Ledar tana nan ban yar ba, na shimfiɗa ta tsakanin kwali biyu na sa a ƙarƙashin katifa. Fentin yana manne a jiki, ya tsattsage amma siffar tana nan, har inda gwiwar hannunsa take. Sai dai fuskar da Baba ya taɓa ita ce ta kama gam, ana ganinta ta cikin ledar amma ba a taɓa ta, in ka juya bayan kuma bodi fila ce mai kaushi. Na tambayi mai fenti ko za a iya ɓamɓaro shi a mayar, ya girgiza kai kawai.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto muku shi ne ɗazu da hantsi Iya ta kira ni. Ta tambayi yara, ta tambaya ko ina ɗumama motar, na ce e. Ta ce Zariya lafiya lau, an karɓe su hannu bibbiyu, amma ita duk safiya sai ta ji kamar ta manta wani abu. Sai ta rage murya ta ce, "Na gaya wa ƙanwarka, ranar Asabar kafin ta shiga motar ta tsaya ta ɗora hannunta inda na saba ɗorawa. Tunda bai samu ya kai ta ba, su yi sallama a nan." Na ce to Iya. Ta ce me ya samu muryata, na ce mura ce. Ta ce in sha citta, ta sa min albarka ta kashe.

Yanzu ga inda nake. Mai fenti ya ce kwana uku yake buƙata, in za a yi to gobe Litinin da safe motar ta kasance a garejinsa, in ta wuce gobe babu lokaci. Yaya ya ce ƙarfe bakwai zai zo ya ɗauke ta, kuma makullin yana aljihuna. In na ba shi, ƙanwata za ta yi sallama da ubanta a kan aikin samfefa, ni na sani, Yaya ya sani. In na hana shi, sai in nemo bakin da zan gaya wa Iya, kuma ban san a waya zan faɗa tana can cikin 'yan'uwanta ba, ko in bari ta sauka, ko in miƙa mata ledar nan a hannu in durƙusa. Ina tsoron hawan jininta, ina tsoron shirunta fiye da faɗanta, don Iya ba ta faɗa, cewa kawai za ta yi Allah ya kyauta ta juya.

Don Allah iyaye mata da ke zauren nan, musamman waɗanda suka rasa mazajensu, in ku ne wanne za ku fi so ɗanku ya yi muku? Malamai, shirun da Yaya yake so ya halatta ko cin amana ne? Masu aikin fenti, akwai wata dabara da ban sani ba? Ku taimaka ku amsa min yau, kada ku bari sai gobe. Ranar Alhamis da safe motarsu za ta sauka a Agege, kuma na san Iya, in ta shigo gidan nan ba ɗaki za ta fara nufa ba.